Filin Tambayoyinku: "A cikin guruf ina ganewa, da na dawo gida sai kai ya toshe"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon kamar haɗa baki aka yi, saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato karatun kodin, rubuta manhajar kwamfuta kenan, a makarantun nan na gaggawa da ake ce wa butkamf, na wata uku zuwa shida, da yadda ake raba ɗalibai guruf guruf a ce su yi aiki tare. Ba abin mamaki ba ne, tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, inda aka fara da mutum dubu 30, ga kuma masu zaman kansu, yanzu da wuya ka shiga keke daga Kawo zuwa cikin garin Kaduna ba ka haɗu da yaro ko yarinya da jakar laftof a cinya ba. Na zaɓi guda biyar, na ɗan rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni daga Rigasa nake, sati na bakwai kenan ina koyon harshen kodin na JavaScript. Mu biyar ne a guruf ɗinmu, akwai wani a ciki da ya yi kwamfuta sayans, wallahi kafin ka gama karanta tambaya ya gama rubuta amsa. In muna tare sai in ga duk na gane, ina ta gyaɗa kai, amma da na dawo gida na buɗe laftof sai in zauna ina kallon sikirin ko layi ɗaya ya ƙi fitowa. Shin in fita daga guruf ɗin ne in koma YouTube ni kaɗai, ko kuwa kaina ne ba ya ja?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kanka lafiyarsa ƙalau, kuma kar ka fita. Sati bakwai ɗin nan kallo ka yi, ba karatu ba, kuma laifin tsarin zaman naku ne.

Ka tuna makarantar allo. Gardi yana biya wa yaro karatu, wannan tsohon abu ne a wurinmu tun kafin a san wani abu wai shi butkamf, amma ka taɓa ganin gardin da ya karɓe allon yaro ya karanta mishi daga farko har ƙarshe sannan ya ce tashi ka wanke ka iya? Ai faɗa yake yi yaro ya maimaita, ya sake faɗa yaro ya sake maimaitawa, sai bakin yaron ya kama da kansa sannan a ce ya wanke allo. To ku a guruf ɗinku gardin ne ya riƙe allon, ku huɗu kuna zaune kuna jin daɗin ƙira'a. Kunne ya saba da karatun shi ya sa kake jin kamar ka iya, amma hannu bai taɓa yi ba.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gano matsalar nan. Tun ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke Kent Beck ya yayata tsarin mutum biyu su zauna a kwamfuta ɗaya, ɗaya direba ɗaya mai nuna hanya. Direba shi ke riƙe da kibod, mai nuna hanya shi ke faɗin inda za a nufa kuma shi ke hango rami. A jami'ar Utah wata mai bincike Laurie Williams ta gwada abin da ɗalibai, ta samu cewa in ka haɗa lokacin mutum biyun ya fi na mai aiki shi kaɗai da kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai, ba ninki biyu ba kamar yadda mutum zai zata, kuma kurakuran da ke cikin aikinsu sun ragu da kusan kashi 15 ɗin. Amma sirrin abin shi ne ana musanya kujera. In ba a musanya ba ai ya zama direba da fasinja.

Ga abin da nake so ka kai wa guruf ɗinku gobe. Mutum biyar sun yi yawa a kan laftof ɗaya, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, ku rabu biyu da uku. A saka alam a waya, minti 15, da ya kaɗa a miƙa kibod ga na gaba ko da ana tsakiyar layi ne. Shi kuma gwanin naku a yi mishi doka ɗaya, hannunsa ba zai taɓa kibod ba sai zagayensa ya zo, in yana da dabara ya faɗe ta da baki kai ka rubuta. Da farko zai ji kamar an ɗaure shi, zai yi ta miƙo hannu yana cewa kawo in nuna maka, ka ce a'a faɗa min dai. Za ka sha mamaki, wani lokacin shi kansa sai ya tsaya yana kame kame don hannunsa ya san abin amma bakinsa bai taɓa bayani ba, kuma ranar intabiyun aiki bayanin nan shi za a tambaye shi. Kaga shi ma ya ƙaru, ba alfarma yake muku ba.

Kuma in za ka faɗa mishi kar ka yi a gaban mutane. Ka ja shi gefe bayan sallar la'asar ko wajen mai shayi, ka ce wane kai ne ka fi mu, ka taimaka ka riƙa barinmu muna faɗuwa muna tashi. Galibi irin waɗannan ba girman kai ba ne ke sa su, tsoron kar lokaci ya ƙure aiki bai gamu ba ne.

Sai naka aikin na gida, wanda ba mai yi maka. Duk abin da kuka rubuta yau, da daddare ka rufe shi ruf, ka buɗe sabon fayil ka sake rubutawa daga kai. In kun yi fonshin, wato ɗan guntun kod mai aiki guda, da ke tara kuɗin kaya a kwandon sayayya, kai ka juya shi ya zama na lissafin adashi, mutum goma kowa na zuba dubu biyar duk sati, nawa ne kwasa, wa ke ɗauka a sati na shida. Inda ka tsaya ka kasa, wannan wurin shi ne ainihin darasinka, ka rubuta shi a takarda ka kai guruf da safe. In an ɗauke wuta caji ya mutu ka yi da biro da littafi, ni kaina luf na farko da na gane, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta yi ta maimaita abu, a bayan takardar jarrabawa na zana shi, ina bin lamba ɗaya ɗaya da yatsa kamar mai ƙirga canji. YouTube kuwa da kake shirin komawa, shi ma kallon ne, gwanin can ma ba za ka iya tsayar da shi ka ce me ya sa ba.

Tambaya: Yaya ina wuni. Daga Unguwar Rimi nake. Mu huɗu aka ba mu furojet na manhajar ajiye bayanan marasa lafiya na ƙaramin asibiti. Daren da za mu gabatar, aikina da na wani suka yi karo a GitHub, shafin da muke tara aikinmu a intanet, shi kuma ya samo wani kwamand a intanet ya buga, da safe muka tarar aikina na kwana huɗu babu shi. Har yau ba ma magana. Sauran biyun kuma cima zaune ne, ba sa komai amma ranar gabatarwa su ne a gaba da manyan kaya. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata sannu, na san zafin nan don ni na taɓa zama mai laifin. Lokacin da nake koyo mu uku ne, a shagon wani abokinmu muke haɗuwa saboda yana da janareta. Wajen ƙarfe ɗayan dare Git, manhajar da ke ajiye tarihin aiki tana haɗa na kowa, ya ƙi karɓar aikina yana ta rubuto jan rubutu, ga mai ya kusa ƙarewa janareta har ya fara tari, sai na ƙara kalmar force a bayan git push, wato tura aikina da ƙarfi ya danne na kowa, ya wuce sumul, na rufe laftof ina jin kaina gwani. Da safe abokina ya buɗe ya ga shafin shiga da ya kwana uku yana yi ya ɓace, ya cire tabarau ya goge ya mayar ya sake dubawa, bai ce min komai ba, wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. To ina kyautata zaton abin da ɗan guruf ɗinku ya buga kenan, kuma ina tabbatar miki tsoro ne ya sa shi ba mugunta ba.

Albishir kuma, da wuya aikinki ya mutu. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, an gina shi ne yadda kowa yake da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa, abin da ke GitHub kwafi ɗaya ne kawai. In kin taɓa yin komit, wato adana aikin a cikin Git, a laftof ɗinki to yana nan. Ki buga git log ki gani, in bai fito ba ki buga git reflog, shi wannan yana ajiye duk inda kika taka har na tsawon kwana 30 ko fiye, ki nemo lambar komit ɗin ki buɗe sabon reshe a kansa, wato layin aiki na daban da ba ya taɓa na kowa. Mu ma da haka muka dawo da namu a minti goma, bayan mun ɓata rabin yini ana kumbure kumbure.

Don gaba kuma, kar wanda ya ƙara tura aiki kai tsaye zuwa babban reshe. Kowa ya buɗe reshensa, in ya gama ɗan guntu ya tura buƙatar a haɗe, abin da suke ce wa ful rikwes, wani ya karanta ya yarda sannan a haɗe. In ma'ajiyar aikin naku a buɗe take ga kowa, GitHub na ba da damar kulle babban reshen kyauta yadda ko an buga force ba zai shiga ba. Sannan ku daina tara aiki, karon da ake yi galibi daga nan yake, mutum ya yi kwana huɗu bai jawo na 'yan'uwa ba, kowa na gyara fayil ɗaya a ɗakinsa. Kullum da safe git pull, wato jawo aikin 'yan'uwa, kafin komai, kamar wanke fuska. Kuma daren gabatarwa ba a haɗa sabon aiki, ku sa wa kanku cewa daga azahar ɗin jajibiri an rufe ƙofa.

Batun cima zaune, kafin ki yanke hukunci ki bincika, wani ba lalaci ba ne, ba shi da laftof ne ko an wuce shi tun sati na biyu yana jin kunyar faɗa. Irin wannan ki ba shi abu ƙarami mai iyaka, ka yi mana fom ɗin rajista kawai zuwa Laraba, ba a ce mishi ka taimaka a furojet ba. In a laftof ɗinki yake aiki ki riƙa sa layin Co-authored-by da sunansa a ƙasan komit don haƙƙinsa ya fito. Wanda kuwa aka ba shi ƙaramin ma ya ƙi, ba sai kin yi faɗa ba, git shortlog -sn zai jero sunan kowa da adadin komit ɗinsa, ki nuna wa malaminku. Adadi kaɗai ba shi ne aiki ba, na sani, wani komit ɗaya ya fi goma, amma sifili dai sifili ne. Ranar gabatarwa kuma ku nemi kowa ya yi bayanin ɓangarensa ya amsa tambaya a kai, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Shi kuma wanda kuka ɓata, ki fara yi mishi sallama, ki kira shi ku dawo da aikin tare a laftof ɗinki.

Tambaya: Malam ni Turancina bai da ƙarfi, makarantar gwamnati na yi a Tudun Wada. A aji kunyar tambaya nake ji kar a yi min dariya. In muka koma guruf da Hausa muke tattaunawa, wani ya ce hakan zai hana mu ci gaba. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Kwamfuta ba Turanci take ji ba, kalmomin da harshen kodin na Python ya keɓe wa kansa ba su kai 40 ba, su if da for da while da return, a sati ɗaya ka haddace su. Wanda ya ƙirƙiro Python ɗin ma, Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan ne, Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Ku yi ta bayani da Hausa, ni a wurina wanda zai iya bayyana min luf da Hausa har ƙaramin ƙaninsa ya gane shi ne ya iya. Sai dai ku kula, Kaduna ce, in akwai wanda ba ya jin Hausa sosai a guruf ɗin kar ku bar shi a waje, a riƙa juyawa. Turancin da za ka dage a kai shi ne na karatu, saƙon era da kwamfuta ke fitarwa in an yi kuskure da takardun bayanin manhaja, wannan dole ne kuma a hankali yake zuwa.

Tambaya kuma akwai yadda ake yinta ba wanda zai yi dariya. Kar ka ce abin ya ƙi yi. Ka ce ina so ya yi kaza, na rubuta kaza, sai ya fito min da kaza, na gwada kaza bai yi ba. Ka kwafo saƙon eran gaba ɗaya ka tura, ba hoton sikirin da ka ɗauka da waya a karkace ba. Sau da yawa kana cikin jera bayanin nan za ka ga kuskuren da kanka, shi ya sa wasu masu kodin ke ajiye 'yar agwagwar roba a tebur suna mata bayani layi layi. Kuma ka sa wa kanka iyaka, minti 20 zuwa 30 kana fama, in bai buɗe ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Tambaya: A guruf ɗinmu da an ba da aiki sai a zuba wa ChatGPT a kwafo a raba wa kowa. Muna cin maki amma zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wani ɗalibi a Barnawa.

Amsa: Zuciyarka ta fi guruf ɗinku gaskiya. Ban ce haramun ne ba, tun da ya fito a Nuwamban 2022 kusan duk mai wannan aiki yana taɓa shi ko irinsa, ni ma ina yi. Amma kun biya kuɗi ko kun ba da wata shida na rayuwarku ne don hannunku ya iya, makin butkamf ba wanda zai tambaye ka shi a waje. Wannan dai gwanin tambaya ta farko ne ya dawo, sai dai shi ba ya gajiya kuma in ya yi kuskure ba ya jin kunya, da cikakken ƙarfin hali zai ba ka amsar da ba daidai ba.

Ku gwada wannan, duk layin da ya shiga aikinku, ko daga ina ya fito, sai an nuna mutum ɗaya ba zato ya yi bayaninsa, in ya kasa a goge a sake. A Faransa akwai makarantar kodin da ake kira 42, attajiri Xavier Niel da abokansa suka buɗe ta a Faris a 2013, ba malami ko ɗaya, ɗalibai ne ke duba aikin juna, kuma a can in ba ka iya kare abin da ka rubuta a gaban ɗan'uwanka ba aikin bai karɓu ba ko da yana tafiya daidai. Abin da ya riƙe makarantar kenan. Shi ChatGPT ɗin ku riƙa ce mishi ya yi muku bayanin era ko ya yi muku tambayoyi, sai kun rubuta naku sannan ku kwatanta. Kuma don Allah kar a zuba mishi lambobin sirri ko bayanan mutane na gaske.

Tambaya: Ni uba ne, ina zaune a Malali. 'Yata ta shiga wannan karatu da yardata, to yanzu kullum sai ta ce akwai aikin guruf bayan an tashi, wani lokaci har magariba, kuma maza da mata ne a haɗe. Shin dole ne wannan zaman ko dai wasa ne na yara?

Amsa: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma, kuma Allah ya saka da alheri da ka bar ta take karatun. Zaman ba wasa ba ne, a wannan sana'a da wuya mutum ya yi aiki shi kaɗai, ko ta samu aiki daga gida da kamfanin Legas ko na waje, kullum wani zai karanta abin da ta rubuta ita ma ta karanta na wani, to shi take koya yanzu. Amma kai wa magariba ba dole ba ne sam, kuma damuwarka tana kan hanya.

Ana iya yin zaman da rana a harabar makarantar ko a irin cibiyoyin fasaha da ke buɗe ga jama'a, kamar CoLab da ke Barnawa tun 2016, inda mutane ke shiga da fita. Ta kuma nemi malaminsu ya haɗa ta da 'yar'uwa mace su zama abokan zama biyu, malamai ba sa ƙin wannan in an yi musu magana. Na yamma kuma daga falo ma za ta yi, a manhajar VS Code da suke rubutu da ita akwai wani abu Live Share, mutum biyu ko fiye suna rubutu a fayil ɗaya kowa daga gidansa, a haɗa da kiran murya na WhatsApp, bai kai kiran bidiyo cin data ba. Abin da za ta buƙata daga wurinka shi ne data da wurin caji, sai kuma a ɗan ɗaga mata aikin gida na awa biyun nan.

In kana son ka tabbatar da abin da ake yi Baba, ka ce ta buɗe maka shafinta na GitHub. Akwai wasu ƙananan akwatuna a jere, kowanne rana ɗaya ce, ranar da ta tura aiki sai ya zama kore. Ka zaɓi ɗaya ka ce ta nuna maka abin da ta yi ran nan, ta yi maka bayani da Hausa. Ranar da za su gabatar da furojet kuma ka tambaya ko ana barin iyaye su shiga, in ana bari ka je ka zauna a baya.

Sauran tambayoyin, musamman na mai neman sanin irin laftof ɗin da zai saya na hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.